Rahoton Ayyukan Shekarar 2025: Medicare da Halin da Dattawanmu Suke Ciki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu maza da mata, yayyenmu da ƙannenmu, 'ya'yan wannan ƙungiya ta Hausawa mazauna New York, ga rahoton kwamitin lafiyar dattawa. Bana kusan duk ƙarfin kwamitin ya tafi ne a kan Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya ga wanda ya kai shekara 65. Dokokinta sun motsa fiye da yadda aka saba, kuma wasiƙun da ke sanar da canjin sun riƙa shigowa gidajen da ba kowa ne yake iya karanta su ba.

Abin da aka yi a Washington

Dokoki biyu ne suka taɓa mu. Ta farko ita ce wadda Shugaba Biden ya sa wa hannu a watan Agustan 2022. Ta wuce majalisar dattawa da ƙuri'a 51 da 50, sai da mataimakiyar shugaban ƙasa ta lokacin, Kamala Harris, ta raba gardama, kuma babu ɗan Republican ko ɗaya da ya goyi bayanta. Ita ce ta tsayar da kuɗin insulin a dala 35 a wata, ta kuma sa iyaka ga abin da mutum zai biya daga aljihunsa na magani a shekara: dala 2,000 a 2025, dala 2,100 a 2026. Ta biyun Shugaba Trump ne ya sa mata hannu ranar 4 ga Yulin 2025. Ita ma 51 da 50 ta wuce, da ƙuri'ar mataimakinsa JD Vance, babu ɗan Democrat a ciki.

Ƙungiyarmu ba ta bin jam'iyya, kuma cikinmu akwai masu ra'ayin kowane ɓangare. Amma dokar da ta wuce da ƙuri'a ɗaya, zaɓe ɗaya ya isa ya juya ta. Shi ya sa kwamiti ya daina ce wa kowa "an gama, ka huta". Duk wanda muka taimaka wa bara, mun sake neman sa bana.

Akwai kuma batun asusun Sashen A, ɓangaren Medicare da ke biyan kuɗin kwanciya asibiti, wanda harajin albashi na kashi 1.45 daga ma'aikaci da 1.45 daga mai ɗaukar aiki yake ciyarwa. Rahoton amintattun asusun na 2025 ya ce a 2033 kuɗin ajiya zai ƙare, daga nan abin da ke shigowa zai biya kashi 89 ne kawai. Wasu suna son a ƙara haraji a kan masu babban samu, wasu suna son a rage kashewa. Babu ɓangaren da ya samu rinjayen da zai warware wannan. Muna roƙon 'yan'uwa su daina yaɗa cewa Medicare za ta rushe a 2033, domin wannan magana ta sa wasu dattawa tunanin barin rajista, alhali hasarar a kansu za ta faɗa.

Waɗanda za a cire a Janairun 2027

Wannan shi ne abin da ya fi damun kwamiti. Dokar Yuli ta taƙaita Medicare ga 'yan ƙasa, da masu girin kad, da wasu rukunoni ƙalilan irin mutanen Kuba da Haiti. 'Yan gudun hijira, da masu mafakar siyasa, da masu kariyar wucin gadi, waɗanda ba su samu girin kad ba tukuna, sun fita daga layi ko da sun shekara goma suna biyan haraji. Wanda yake ciki a yanzu an ba shi wata 18 daga ranar sa hannu, wato zuwa 4 ga Janairun 2027.

A ganinmu wannan ba adalci ba ne. Mutumin da aka yi shekaru ana yankar masa haraji domin wannan inshora bai kamata a rufe masa ƙofa ranar da ya tsufa ba. Mun rubuta wannan matsayi ga wakilanmu na majalisa. Abin da ke hannunmu kuwa shi ne lokaci. Ɗan gudun hijira da mai mafaka suna da damar neman girin kad bayan shekara ɗaya, kuma da yawa sun bar maganar ta kwana saboda kuɗin lauya ko tsoron taɓa takardu. Tun watan Agusta muke haɗa irin waɗannan iyaye da ofisoshin lauyoyin da ke aiki kyauta. Kada a kai takardar shige da fice wurin mai cike fom na unguwa. Kuskure ɗaya a wannan fom yana iya jawo jinkirin da zai wuce wa'adin.

Rajista, da inda ake faɗawa rami

Zaman wayar da kai da muka riƙa yi bayan sallar Juma'a, da wanda mata suka shirya ranakun Lahadi, sun nuna cewa kurakurai iri ɗaya ne suke maimaituwa.

Ƙofar rajista ta farko wata bakwai ce: uku kafin watan cika 65, watan kansa, da uku bayansa. Wanda ya bari ta rufe ba tare da inshorar wurin aiki ba, za a ƙara masa kashi 10 a kan kuɗin Sashen B, na ganin likita, saboda kowace cikakkiyar shekara da ya makara, kuma tarar ba ta sauka muddin yana da Sashen B. Kuɗin wata na 2025 dala 185 ne, na 2026 dala 202.90. Wanda ya makara shekara uku, kenan kusan dala 61 zai riƙa ƙarawa kowane wata. Wanda ya bar aiki yana da wata takwas na musamman, amma COBRA, wato ci gaba da biyan inshorar tsohon wurin aiki bayan an bar aikin, ba ta tsawaita wannan lokaci, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Shi kuma Sashen D, na magani, kwana 63 babu inshorar magani ya isa a fara lissafin tara.

Sashen A, na kwanciya asibiti, kyauta ne ga wanda ya tara maki 40, kimanin aikin shekara goma, ko wanda mijinsa ko matarsa ta tara. A 2025 kowace dala 1,810 ta samun da aka bayyana maki ɗaya ce, kuma ba a wuce huɗu a shekara. Nan maganar ta shafi direbobin tasi, da masu kitso, da masu shago. Wanda ya yi shekaru yana karɓar kuɗin hannu ba ya bayyana su ga hukumar haraji, sai ya kai 65 ya tarar makinsa bai kai 30 ba, a ce ya biya dala 518 a wata, wanda ya koma 565 a 2026. Mun taimaka wa 'yan shekara hamsin da ɗoriya su buɗe shafinsu na Social Security su ga makinsu tun da sauran lokacin cikewa. Iyayen da 'ya'yansu suka kawo su kuwa, sai suna da girin kad, sun kuma cika shekara biyar a jere suna zaune a Amurka, kafin su iya sayen Medicare.

Kakar canji, 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba

Kakar bana, wato lokacin da ake iya canza tsarin inshora, ta zo cikin rufewar gwamnati, wadda ta fara 1 ga Oktoba ta ɗauki kwana 43. Medicare ta ci gaba da biya, amma izinin ganin likita ta bidiyo daga gida ya yanke, har sai da aka maido shi zuwa 30 ga Janairun 2026. Masu ciwon ƙafa da waɗanda ba su da mai kai su asibiti su ne suka ji jiki.

A teburin da muke duba wa mutane tsarin inshorarsu muna neman abu huɗu: katin Medicare, wasiƙar canjin shekara da kamfani ke aikowa a Satumba, kwalaben magani gaba ɗaya, da sunayen likitoci. Kwalaben muke so, ba abin da mutum ya tuna ba, domin ƙarfin ƙwaya da yawan sha suna canza farashi. Sai a shigar da su a shafin Medicare a kwatanta jimillar shekara. Masu shan Eliquis, Xarelto, Jardiance, Januvia, Farxiga ko Entresto su lura: suna cikin magunguna goma da gwamnati ta yi cinikin farashinsu, kuma sabon farashin zai fara 1 ga Janairun 2026. Wanda kuɗin magani ke taruwa masa a farkon shekara yana iya neman kamfaninsa ya raba masa biyan wata-wata, babu kuɗin ruwa.

Kan Medicare Advantage, tsarin da kamfanonin inshora masu zaman kansu suke gudanarwa a madadin Medicare ta asali ta gwamnati, wanda sama da rabin masu Medicare suke ciki, ba mu hana kowa ba. Yana ba da haƙori da tabarau waɗanda Medicare ta asali ba ta biya. Amma yana da jerin likitocinsa, kuma aiki da yawa sai an nemi izininsa. Dillali yakan kira ya yi alkawarin katin cefane, a canza tsari, sai daga baya a tarar likitan zuciyar da aka shekara goma ana gani ba ya ciki. Wanda hakan ta same shi yana da damar gyara daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Maris. In kamfani ya ƙi biyan wani aiki, a ɗaukaka ƙara da wasiƙar likita. Masu zaune a New Jersey su sani cewa jiharsu tana cikin shida da za a fara gwajin neman izini ga wasu ayyuka ko a Medicare ta asali daga Janairun 2026.

Masu ƙaramin samu su nemi tallafin da jiha ke biya wa mutum kuɗin Sashen B. A New York ba a duba ajiyar banki a wannan, kuma wanda ya samu yana samun ragin kuɗin magani kai tsaye. Ofishin HIICAP, mai ba da shawara kan Medicare a jihar New York, yana duba wannan kyauta, kuma ana iya neman tafinta.

Tafiya gida da aikin Hajji

Medicare ta asali ba ta biyan magani a Kano, ko Kumasi, ko Maraɗi, ko Makka. Wasu tsare-tsaren Medigap, wato ƙarin inshorar da ake saya don cike giɓin Medicare ta asali, irin G da N, suna biyan kashi 80 na jinyar gaggawa a kwana 60 na farkon tafiya, bayan mutum ya biya dala 250, da iyakar dala 50,000 a tsawon rayuwa. Mai Medicare Advantage da ya wuce wata shida a waje ana iya cire shi daga tsarin. Wanda ya daina biyan Sashen B don ya koma gida, in ya dawo tara tana jiransa. Kafin a sayi tikiti a zo mu duba tare, a kuma nemi maganin kwana 90.

Abin da ke gaba

A 2026 za mu fara da jerin duk wanda wa'adin Janairun 2027 ya shafa, sai waɗanda za su cika 65 cikin shekarar. Muna buƙatar matasa masu Turanci da Hausa da za su karɓi horo su zauna a tebur, musamman mata, domin iyayenmu mata da yawa ba sa sakin jiki su faɗi ciwonsu gaban namiji. Duk wasiƙar da ta zo daga Medicare, ko Social Security, ko kamfanin inshora, a kawo ta da ambulan ɗinta cikin makon da ta iso, saboda daga ranar da ke jikinta ake fara ƙirga wa'adin ɗaukaka ƙara. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda muka rasa a bana.

Kwamitin Lafiyar Dattawa
Disamba 2025