Filtar baƙin mai da ake wankewa a mayar: a tambayi mai sayarwa kashi nawa take kamawa

Assalamu alaikum Edita. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana direbobi da masu tarakta kan filtar baƙin man nan da ake ta talla a Facebook da WhatsApp, wadda wai ba a yarwa, in an zo juyen mai sai a kwance ta a wanke a mayar. Da yake kuɗin sabis ya zama abin da ya zama mutane sun fara rububinta, ni kuwa ina ga a bi a hankali.

Cikinta ba takarda ba ce irin wadda muka saba, raga ce ta ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma yawanci za ka ga an rubuta maikiron 35 a kwalin, wato girman ramukan ragar. In ka raba milimita ɗaya gida 1,000 to kashi ɗaya shi ne maikiron, silin gashin kai kaurinsa wajen 70 ne. Jin 35 sai mutum ya ce ai wannan ta yi, amma dattin da ya fi cin sassan cikin inji irin su metal da ring da kiranshaf tsakanin 5 zuwa 20 yake, don shi ne ke kutsawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe inda mai ya kwanta siriri ya yi ta gurza har wata rana injin ya buga. Ragar tamkar rariya ce, tsakuwa ta tsaya gari ya wuce, mu kuwa wannan garin da ke wucewa, wato ƙura, shi ne matsalarmu, duk wanda ya bi hanyar ƙauye zuwa kasuwar Maigatari da hunturu ya san irin ƙurar da nake nufi. Ita ƙurar ma yawanci ta filtar iska take shiga, wadda da yawanmu sai dai mu kakkaɓe a jikin taya mu mayar, wannan kuma zancen wata rana ne.

Lambar maikiron ita kaɗai ba ta gaya maka komai ba. Filtar kirki abu biyu ake rubuta mata, girman datti da kason da take kamawa, misali kashi 99 cikin 100 a maikiron 20. Wani zai buga maka maikiron 10 ɓaro-ɓaro alhali rabin dattin mai wannan girman kawai take tarewa. Akwai gwajin da ake kira ISO 4548-12, ana zuba ƙura a mai a ƙirga wadda ta shiga da wadda ta fita, sakamakon shi ake kira Beta, in ka ga Beta 2 rabin dattin take kamawa ke nan, Beta 75 kuwa kashi 98.7 cikin 100.

Gaskiya dai ragar tana da nata amfanin, mai yana ratsa ta da sauƙi ko da sanyin asuba da yake da kauri, kuma in an kwance bakanike zai ga ɓurɓushin ƙarfe ya gane injin ya fara ciwo. To amma wankin fa? A garejin ƙauye ba injin iska, yaron gareji ne zai jiƙa ta a gwangwanin fetur ɗin da aka wanke sifana a ciki ya goge da tsumma ya ajiye a ƙasa, in robar bakinta ta tsage kuma sai ka je Kano nema.

Ni dai motata Sharon filtar takarda zan ci gaba da sa mata ina canjawa duk juye, duk da ita ma jabunta ya cika kasuwa, wata in ka yanka ta takardar ciki ba ta kai tafin hannu ba. Ina roƙon hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta tilasta wa masu shigo da filta, ta wanki ko ta yarwa, su riƙa rubuta kason da take kamawa a gefen lambar maikiron.

Naku,
direban motar haya daga Gumel, Jihar Jigawa