Wasiƙa Zuwa Madina a Kan Taragon Manya

Tudun Wada,
Zariya.

Zuwa ga aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina roƙon ka isar da gaisuwata ga Hajiya, ka yi mata barka da kammala Umara, Allah ya karɓi ibada. Saƙonka ya iso ni, na kuma fahimci cewa jirgin saman da za ku biyo a Abuja zai sauke ku, don haka kake so ku hau jirgin ƙasa zuwa Kaduna, daga nan mota ta ƙaraso da ku gida. Ka tambaye ni ko ƙarin kuɗin da ake biya domin zama a taragon manya yana biyan bukata, ko kuwa asara ce kawai da aka yi wa kwalliya. Na ɗan jinkirta amsa ne saboda na shiga taragon manya, na shiga na tsakiya, na kuma shiga na yaku-bayi, kuma ina so in auna maka su bisa halin mutanen da za ka taho da su.

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne kuɗin ba ya sayen lokaci. Tsakanin tashar Idu da ke Abuja da tashar Rigasa da ke Kaduna kilomita 186 ne, kuma inji guda ne yake jan taragun duka, saboda haka wanda ya biya mafi tsada da wanda ya biya mafi araha tare za su tsaya a Kubwa, tare za su wuce Jere da Rijana, tare kuma za su sauka. Tafiyar takan ci awa biyu da 'yan kai, wani lokaci ta zarce haka sosai. Kai da ka saba da jirgin Haramaini, wanda yake cinye kilomita 450 tsakanin Makka da Madina cikin lokacin da bai kai awa uku ba, sai ka sassauta tsammaninka tun daga can, domin namu ba ya wannan gudu. Kuɗin kuma ba ya sayen sanyi, tunda taragun duka suna da na'urar sanyaya iska, kuma kowane tikiti yana ɗauke da lambar kujerarsa.

Abin da yake saya shi ne fili da kuma shiru, gwargwadon hali. A taragon gama-gari kujerun a matse suke, mutum dogo irinka zai ji gwiwarsa tana neman wurin zuwa, kafaɗarsa kuma tana gogar ta maƙwabcinsa. A na tsakiya, wanda ake kira bizines, kujerun biyu-biyu ne, sun fi faɗi da laushi. A na manya kuwa kujerun ƙalilan ne, kowa ya miƙe ƙafa yadda yake so, hanyar tsakiya ba cunkoso, makewayi ma ba a yi masa dogon layi saboda masu amfani da shi ba su da yawa. Lokacin da aka dawo da zirga-zirgar jirgin a watan Disamba na 2022, bayan dakatar da ita saboda harin da aka kai masa, farashin da aka sa shi ne naira 3,600 a gama-gari, naira 6,500 a na tsakiya, da naira 9,000 a na manya. Ka duba farashin ranar da za ku taso kafin ka yi lissafi, amma ko da wannan ma za ka ga inda zancen yake: daga ƙasa zuwa tsakiya ƙarin naira 2,900 ne, daga tsakiya zuwa sama kuma ƙarin 2,500. A ganina ƙarin farko shi ne yake kawo sauƙin da jiki yake ji, na biyun kuwa rabinsa suna ake saya da shi.

Na faɗi haka ne domin na taɓa sayen sunan. Wata rana ina da taro a Abuja, na ce bari in shiga taragon manya in duba takarduna cikin natsuwa, ga kuma wani ɓoyayyen tunani da ban gaya wa kowa ba, cewa wataƙila in haɗu da wani babba mu yi sabo. Allah ya haɗa ni da wani bawan Allah wanda tun daga Rigasa har muka isa Kubwa bai sauke waya daga kunnensa ba, yana cinikin fili da murya kamar mai kiran kasuwa, har na haddace girman filin da sunan dillalin. Sauran fasinjojin kuwa kowa ya rufe ido ko ya dulmiya cikin wayarsa, a nan na gane cewa mutumin da ya ƙara kuɗi don kada a dame shi ba zai yi murna da baƙon da ya zo neman sabo ba. Na sauka ban karanta shafi uku ba. Da zan dawo na shiga gama-gari, na matsu ƙwarai, yara suna kuka, masu waya ma ba su yi ƙaranci ba, amma na iso Kaduna lafiya lau da ragowar kuɗin da ya kawo ni Zariya har na sayi tsire a Kwangila.

Sai dai kada ka ɗauka na yanke wa taragon tsada hukunci gaba ɗaya. Shekarar da ciwon baya ya kwantar da ni, dole ta sa na je Abuja ganin likita, kuma a wannan tafiya na biya kuɗin na tsakiya ba tare da na ji zafin ko kwabo ba. Da a matse na zauna awa biyu da rabi a wannan hali, da sai an ɗauke ni a tasha. Tun daga ranar na daina ɗaukar tambayar a matsayin ta aljihu kaɗai, domin lafiyayyen saurayi da tsohuwa mai ciwon gwiwa ba abu ɗaya suke saya ba, ko da tikitinsu iri ɗaya ne.

Ina ganin abin da ya sa mutanen zamaninmu suke girmama sunan ajin farko shi ne abin da muka tashi muka gani a tsohon layin dogo. Ka san marigayi mahaifina ma'aikacin reluwe ne a Sabon Gari, kuma Zariya mahaɗar jiragen ƙasa ce tun zamanin Turawa: layin da ya isa Kano a 1911 ta nan ya ratsa, daga nan aka ja reshen da ya bi ta Funtuwa da Gusau zuwa Kauran Namoda, daga nan kuma ƙaramin layin da yake hawa Jos ya tashi kafin a rufe shi a 1957. Ina yaro na bi tsohon layin zuwa Legas sau biyu. Daga Kano zuwa Legas a wannan layi ya haura kilomita 1,100, tafiyar da ake kwana a hanya, a wuce Kaduna da Minna da Zungeru, a haye gadar Jebba, a bi ta Ilori da Ibadan kafin a sauka a Iddo. A irin wannan tafiya bambancin aji ba wasa ba ne. Mai tikitin ajin farko yana da ɗaki da gado da ƙofar da zai rufe, mai tikitin ƙasa kuwa yana kan benci tsakanin buhunan albasa da kwandunan kaji, idan barci ya ɗauke shi sai ya rungume kayansa. Wanda ya biya ƙari a wancan jirgi barcin dare guda ya saya, kuma wannan abu ne da ya cancanci kuɗinsa. Jirgin Kaduna da aka buɗe a 2016 ya gaji sunayen azuzuwan, amma tafiyar ba ta kai tsawon da za a ji ratar da ke tsakaninsu sosai ba.

Na san akwai wani abu a ranka da ba ka rubuta ba, wato harin da aka kai wa wannan jirgi ranar 28 ga Maris, 2022, inda aka rasa rayuka, aka kuma sace fasinjoji fiye da sittin, waɗanda na ƙarshensu ba su kuɓuta ba sai a watan Oktoba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye gaba. Tun daga lokacin na san mutanen da suke da halin shiga taragon manya amma suke guje masa, suna cewa shi ne ido ya fi kai. Ba zan gina maka shawara a kan tsoro ba, amma ka sani cewa tsaro ba ya cikin abin da ƙarin kuɗin yake ƙara wa mutum. Abin da ya shafe ka kai tsaye daga wannan lamari shi ne yanzu ana neman lambar shaidar ɗan ƙasa wajen sayen tikiti, don haka ka tabbata ta Hajiya da ta maiɗakinka suna hannu.

Ga shawarata a kan tafiyarku. Hajiya za ta sauko ne daga doguwar tafiyar sama, bayan gajiyar ɗawafi da safa da marwa, ga shekaru, ga ƙafar da ka ce tana kumbura mata idan ta daɗe a zaune. Ka saya mata kujera a taragon tsakiya, ka haɗa ta da maiɗakinka da ƙaramar yarinyar, domin ta sami mai kula da ita. Idan ka ga na manya ne kawai zai kwantar maka da hankali game da ita, to ka saya, ba zan kira shi almubazzaranci ba, uwa ta fi gaban haka. Kai kuwa da samarin nan biyu ku shiga gama-gari, ba abin da zai same ku, kuma yaran da suka girma a Madina za su amfana da jin Hausar mutane iri-iri kafin su iso Zazzau. Abin da ka rage a kanku ukun zai taimaka wajen 'yan dako da motar Rigasa zuwa Zariya, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 80, kuma na san kayanku ba za su yi kaɗan ba, ga zamzam ga dabino ga tsarabar dangi.

Wani hali guda ne zai iya rushe wannan tsari. A ranakun Juma'a da Lahadi, da kuma gab da Salla, tikiti yakan yi wuya, kuma masu araha su ne suke saurin ƙarewa. Tun 2021 ana sayarwa ta intanet, saboda haka kada ka bari sai kun sauka ka fara nema. Idan ka duba ka tarar na tsada kaɗai ya rage, ka saya ba tare da dogon tunani ba, domin kwana a masauki a Abuja da mutum shida zai ci ninkin abin da kake ƙoƙarin ragewa. Ana aikin sabon layi daga Kaduna zuwa Kano wanda aka ƙaddamar a 2021, kuma ta Zariya zai bi. Ranar da aka gama shi tafiyar za ta ƙara tsawo, a lokacin ina iya sake maka lissafi.

Ka sanar da ni ranar saukarku da lokacin jirgin da kuka samu, in sha Allahu ni da kaina zan zo Rigasa da mota in tarye ku. Maiɗakina tana gaida Hajiya da amarya da yara.

Wassalam.

Naka amini,
Abubakar.