Littafi ɗaya ba zai wakilci Afganistan ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi tsokaci a kan wani tsari da ɗakunan karatu na jama'a ke gudanarwa a nan Amurka, inda ake zaɓar littafi guda, mutanen gari su karanta shi a lokaci ɗaya, sannan su haɗu su tattauna. An faro tsarin a birnin Seattle a 1998, kuma cikin littattafan da garuruwa da dama suka zaɓa akwai The Kite Runner na Khaled Hosseini, wanda ya fito a 2003.

Zaɓin ya dace, domin yawancinmu ba mu jin sunan Afganistan sai a labarin yaƙi. Littafin yana shigar da mai karatu cikin wani gida a Kabul tun kafin mamayar Tarayyar Sobiyet ta 1979, inda Amir, ɗan attajiri daga ƙabilar Fashtun, ya tashi tare da Hassan, ɗan baran gidan daga ƙabilar Hazara. Wanda ya bi labarin cin amanar da ta raba yaran nan zai fahimci wulaƙancin da Hazarawa suka daɗe suna sha fiye da yadda rahoton rediyo zai fahimtar da shi.

Damuwata ita ce yadda ake ɗora wa ƙagaggen labari ɗaya nauyin wakiltar ƙasa sukutum. Marubucin ya bar Afganistan tun yana yaro, iyalinsa sun samu mafaka a Amurka a 1980, kuma da Turanci ya rubuta littafin. Wannan bai rage masa daraja ba, amma manomin karkara da bai taɓa barin ƙasar ba, da yarinyar da aka hana shiga makarantar sakandare tun da Taliban suka dawo mulki a 2021, suna da nasu bakin.

Saboda haka ina kira ga masu shirya irin wannan zama da su riƙa gayyato 'yan gudun hijirar Afganistan da ke zaune a garuruwansu, a samar musu da tafinta, a bar su su faɗi inda littafin ya yi daidai da abin da suka sani da kuma inda ya saɓa.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Amurka