Wasiƙa daga Green Bay

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya iyali, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Ka ce in ba ka labarin ƙungiyar nan da ta shiga raina tun zuwana jihar Wisconsin ta Amurka, wato Green Bay Packers. Ƙwallonsu ba irin tamu ba ce, a hannu ake rungumarta ana gudu, kowa da hular kwano a ka.

Mutanen garin ba su wuce 110,000 ba, amma filinsu, Lambeau Field, yana cin kusan mutum 81,000. Wani saurayi, Curly Lambeau, shi da George Calhoun suka kafa ta a 1919. Kamfanin naman gwangwani da Lambeau yake wa aiki ne ya ba da kuɗin riguna, daga nan sunan Packers, wato masu zuba nama a gwangwani, ya samo asali. A 1923 bashi ya kusa durƙusar da ita, sai mutanen gari suka sa hannu a aljihu suka sayi hannun jari. Har gobe ita kaɗai ce a NFL, babbar gasar wannan ƙwallon, da babu attajirin da zai ce tasa ce, balle ya kwashe ta zuwa babban birni. Masu jarin sun haura 500,000, kuma ba a ba su ribar ko kwabo. Maƙwabcina dattijo ya rataye takardar jarinsa a falo, dab da hoton aurensa. Ranar da ya nuna mini sai da na ji tsigar jikina ta tashi.

Sun zama zakarun gasar sau 13, babu wadda ta kamo su, huɗu daga ciki Super Bowl ne, wato wasan ƙarshe da ke fitar da zakaran gasar a yanzu. Koci Vince Lombardi, wanda ya zo a 1959, ya ci biyar cikin shekara bakwai, shi ya sa kofin Super Bowl ke ɗauke da sunansa. Dattijon nan ba ya gajiya da labarin 31 ga Disamba 1967, ranar da suka kara da Dallas Cowboys sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifili. Usur ɗin alƙalin wasa a leɓensa ya manne. Saura daƙiƙa 16 a tashi ɗan wasan Packers Bart Starr ya kutsa da ƙwallon, suka ci 21 da 17.

Bayan Lombardi sun yi kusan shekara 30 ba kofi, sai a kakar 1996, amma duk wannan farin bai sa kujera ta zauna ba kowa ba. Jerin masu jiran tikitin shekara ya wuce mutum 100,000, ana haihuwar yaro ake rubuta sunansa. Makon jiya ni ma na rubuta na ƙaramin ɗana.

Ka gaishe mini da 'yan majalisa baki ɗaya. Ina jiran amsarka.

Naka har kullum,
Amininka