A bar wa itatuwanmu gurbi a sababbin gidaje

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da masu gina gidaje a sababbin unguwannin Kano. Yanzu da zarar an gama gini sai a shimfiɗe tsakar gida da intalok, a jera furannin ƙasashen waje a jikin katanga. Suna shan ruwan da ake saye da tsada a wajen 'yan garuwa, kuma ko akuya ba ta amfana da su. Alhali garin nan yana da unguwanni irin su Kurna, Giginyu da Tsamiyar Boka, amma yaran da ke tasowa a ciki da yawansu ba su taɓa ganin kanya ko ɗinya a kan itace ba, sai a faranti bakin makaranta.

Na san abin da za a ce: kuka tana girma ta fasa katanga, wasu ma su ce matattarar aljanu ce. To ai ba dole a bar ta ta zama rusheshiya ba. A gidana layi guda na shuka a bayan kicin. Ƙwallon yana da tauri, sai an jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana kafin ya tsiro da wuri. Idan ta kai gwiwa sai a riƙa tsinke kan, ta yi ta fitar da sabon ganye mai laushi. Wanda ya sha miyar ɗanyen ganyen nan ya san ta sha bamban da garin kukar kasuwa. Gefenta yakuwa ce da rama da lalo, kuma wallahi idan yakuwa ta yi ja a ƙarshen damina, babu furen da ya fi ta ƙawata gida. Magarya kuwa ba ta neman ban-ruwa. Yara su ci 'ya'yan, ganyen kuma kowa ya san amfaninsa ranar wankan gawa.

Manyan itatuwa kamar tsamiya, ɗorawa da aduwa harabar masallatai da makarantu ta fi dacewa da su. Darbejiya daga Indiya aka kawo ta, ta ba mu inuwa, mun gode, amma ta isa haka.

Roƙona ga ma'aikatar muhalli da masu sayar da dashe a bakin titi shi ne su fara renon waɗannan itatuwa kafin damina mai zuwa, domin a yanzu wanda ya je neman dashen kanya da wuya ya samu.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku, daga Hotoro, Kano.