Labarai 15 da marigayiya ba ta ƙarasa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in faɗi abin da ya tsaya mini a rai tun da na ajiye wani littafi makon jiya.

Littafin na marigayiya Katherine Mansfield ne, haifaffiyar Niyu Zilan, wadda tarin fuka ya yi ajalinta a Faransa a watan Janairun 1923, tana da shekara 34 kacal. Mijinta, John Middleton Murry, shi ya tattara gajerun labaran ya fitar a shekarar da ta rasu, da sunan The Doves' Nest, wato sheƙar kurciyoyi. Labari 21 ne a ciki. Shida ta kammala, sauran 15 kuwa ba ta kai ƙarshensu ba, har da wanda littafin ya ci sunansa.

Shidan nan sun biya ni. Akwai na gidan 'yar tsana da aka yi wa wasu yara kyauta, duk 'yan makaranta aka kai su suka gani, ban da 'ya'yan mai wankau su biyu, don an hana kowa kula su. Wata rana ƙaramar yarinyar gidan ta buɗe musu ƙofa a ɓoye. Ko gama kallo ba su yi ba aka koro su kamar kaji. Da suka zauna a bakin hanya, sai ƙanwar, wadda ba ta cika magana ba, ta yi murmushi ta ce ita dai ta ga 'yar fitilar da ke cikin gidan 'yar tsanan. Na koyar a firamare fiye da shekara ashirin, na san yaran da ake matsawa nesa da su a kan benci. Wallahi sai da na rufe littafin na share hawaye. Haka labarin ƙuda: attajirin da ɗansa ya mutu a yaƙi ya so ya yi kuka, kukan ya ƙi zuwa, sai ya zauna yana ɗiga wa ƙuda tawada, ɗigo bayan ɗigo, har ƙudan ya mutu. Bayan nan ya rasa me ma yake tunani ɗazu. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba, ta nuna ta wuce.

Takaicin ya fara ne da na shiga kashi na biyu. Akwai wata uwa a cikin jirgin ruwa tana tuna ɗanta shekara shida bayan yaƙi ya cinye shi. Wanda ya san ƙanen marubuciyar, Leslie, gurneti ne ya kashe shi a 1915, zai ji daga ina wannan zafin ya fito. Ina tsaka da bin uwar nan, labarin ya tsaya cak. Na murza takardar da yatsa ko shafuka ne suka manne. Ba su manne ba. Marubuci mai rai kana iya jiransa, ko ka aika masa ka ce malam, yaya aka ƙare? Wannan fa? Ba ni ma da hanyar tantance wanda mutuwa ta katse da wanda ita da kanta ta ajiye don bai gamshe ta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wasiyyarta. Ta nemi mijin ya taƙaita abin da zai buga iya iyawarsa, ya yayyaga ya kuma ƙone mafi yawa. Shi kuwa ya yi ta bugawa, har da wasiƙunta da kundin sirrinta. To ni da na ji daɗin karantawa, ina da hannu ke nan a cin amanar? Na kwana biyu ina juya wannan. Ba zan yi ƙarya ba, da ya ƙone labarin uwar nan da na yi asara, amma hakan bai wanke shi ba a wurina. Abu ɗaya na yaba masa: ya ware waɗanda ba a gama ba ya faɗa a fili, bai kuma ɗauki alƙalami ya liƙa musu wutsiya ba.

Wannan nake roƙon masu ɗab'i da magadan marubuta su riƙe. In za a fitar da aikin mamaci, a gaya mana wanne ya sa wa hannu, wanne aka tsinto a akwati, kuma yaushe ya rubuta kowanne. Kada wani ya ƙarasa masa magana da bakinsa.

Na bar labarin kanari sai ƙarshe da gangan, don shi ne na ƙarshe da ta kammala, a 1922. Wata mata ce mai fama da kaɗaici, tsuntsunta ya mutu, ta kasa cire ƙusar da kejinsa ke rataye a kai. Sau uku na karanta shi.

Taku,
Tsohuwar malamar firamare mai bibiyar jaridarku