Fararen Duwatsu Bakwai a Maƙabartar Ƙauye

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani ɓangare na Yaƙin Duniya na Biyu wanda ba kasafai ake taɓo shi ba. Duk shekara idan watan Mayu ya kama aka fara tunawa da ƙarshen yaƙin a Turai, abin da muke karantawa shi ne sunayen shugabanni da janar-janar da manyan biranen da aka rusa, alhali akwai kaburbura warwatse a ƙananan ƙauyukan Holan da Beljiyam da Faransa da Denmak waɗanda, a ganina, sun fi dogayen jawabai faɗin gaskiyar yaƙin da aka yi a sararin sama.

Na taɓa tsayawa a gaban irin waɗannan kaburbura a wani ƙauye na ƙasar Holan, a bayan wata tsohuwar majami'a inda mutanen garin suke binne mamatansu. Kaburburan manoma da matansu kowanne da irin dutsensa, wani baƙi, wani mai ado, wani har ya karkata saboda tsufa. Can gefe kusa da shinge kuwa sai ga fararen duwatsu bakwai a jere, tsayinsu ɗaya, faɗinsu ɗaya, an aske ciyawar gabansu an kuma shuka furanni a gindinsu. Huɗu daga ciki akwai tazara a tsakaninsu, sauran ukun kuma an jingina su da juna kafaɗa da kafaɗa. Da na sunkuya na karanta rubutun, sai na ga ranar mutuwa ɗaya ce a kan dukansu, kuma babu wanda ya kai shekara talatin. Wani dattijo da ke ban ruwa a wurin shi ya fahimtar da ni dalilin haɗa ukun nan: wutar da ta cinye jirginsu ba ta bar yadda za a gane wane ne wane ba, don haka aka sa su a rami ɗaya, aka matso da duwatsunsu kusa da juna. Tun daga ranar abin bai bar zuciyata ba.

Adadin bakwai ɗin nan ba haka kawai ya zo ba. Manyan jiragen jefa bama-bamai na Birtaniya, irin su Lancaster da Halifax da Stirling, mutum bakwai suke ɗauka: matuƙi, da mai nuna hanya, da injiniya, da mai saita bam, da mai kula da rediyo, da 'yan bindiga biyu, ɗaya a gadon bayan jirgin, ɗaya a can wutsiya shi kaɗai cikin tsananin sanyi. Duk cikinsu babu wanda aka tilasta wa aikin tashi, su suka miƙa kansu, kuma yawancinsu ba su daɗe da wuce shekara ashirin ba. Ƙa'ida ita ce kowace ƙungiya ta kai hari sau 30 kafin a ba ta hutu, amma da yawa ba su kai ko rabin haka ba. Daga cikin mutum kusan 125,000 da suka tashi a rundunar jiragen jefa bama-bamai ta Birtaniya, 55,573 sun mutu, wato fiye da huɗu cikin kowane goma. A dare ɗaya tak, daren 30 ga Maris na 1944, an tura jirage 795 zuwa birnin Nurembag na Jamus, 95 ba su dawo ba, aka rasa mutum 545 kafin gari ya waye. Ba Ingilishi kaɗai ba ne: akwai 'yan Kanada, waɗanda suka rasa kusan 10,000, da 'yan Ostareliya da Niyu Zilan da Folan, har da 'yan tsibiran Karibiyan da Afirka ta Yamma.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kai gawarwakinsu ƙauyukan da ba su ne ake kai wa hari ba? Hanya ce ta bi da su. Jiragen suna tashi daga gabashin Ingila da almuru, su ƙetare teku, su ratsa ta saman Holan ko Beljiyam ko Denmak kafin su shiga Jamus, kuma a nan ne Jamusawa suka shimfiɗa tarkonsu na na'urorin hango jirage da manyan fitilu da jiragen farautar dare, tsarin da ake kira da sunan Janar Kammhuber. Jirgin da aka harba yana ɗauke da man fetur da bama-bamai, ƙofar tsira ta Lancaster kuma ƙunci gare ta ga mutumin da ke sanye da kaya masu kauri da lemar sauka, saboda haka sau da yawa bakwai ɗin tare suke faɗowa a gonar wani bawan Allah da bai taɓa jin sunansu ba. A Faransa ma haka aka yi. A daren 3 ga Mayu na 1944 an kai hari a kan sansanin sojan Jamus da ke Mailly-le-Camp, aka kakkaɓo jiragen Lancaster 42, kuma har gobe waɗanda suka mutu a cikinsu suna kwance a maƙabartun ƙauyukan yankin, irin su Poivres.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne halin da ƙauyawan suke ciki lokacin da gawarwakin suka zo hannunsu. Ƙasarsu tana ƙarƙashin mamayar Jamus, sojan abokan gaba yana tsaye a kansu, nuna ƙauna ga waɗannan mamata na iya jawo wa mutum fitina. Duk da haka an samu masu sassaƙa akwatin gawa, da masu haƙa kabari, da matan da suke lallaɓawa da dare su ajiye furanni. Bayan yaƙi, waɗanda suka faɗi a cikin Jamus an kwashe su an tara a manyan maƙabartu kamar ta dajin Reichswald, inda mutum fiye da 7,500 suke, fiye da rabinsu 'yan jirgin sama. Amma a ƙasashen da aka mamaye an bar da yawa a inda aka fara binne su, a tsakiyar mutanen da suka yi musu sutura. Wasu kuma teku ta haɗiye su, ko wuta ba ta bar komai ba. Sunayen irin waɗannan fiye da 20,000 suna rubuce a bangon tunawa da ke Runnymede a Ingila, wanda aka buɗe a 1953.

Fararen duwatsun aikin Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta ƙasashe renon Ingila ne, wadda aka kafa a 1917 bisa jagorancin Fabian Ware, kuma a yau take kula da tunawa da mutum miliyan 1.7 a wurare kusan 23,000. Ƙa'idojinta masu tsauri ne: ba a mayar da gawa gida, kuma ba a bambanta babban hafsa da saje, ko ɗan attajiri da ɗan talaka. Guy Gibson, wanda ya jagoranci harin madatsun ruwan Jamus a 1943 ya kuma sami lambar jarumta mafi girma ta Birtaniya, jirginsa ya faɗi a Steenbergen ta Holan a watan Satumba na 1944, yana ɗan shekara 26, kuma dutsensa bai fi na mai nuna masa hanya da ke kwance kusa da shi tsayi ba. Abu ɗaya da aka bar wa iyali shi ne ɗan gajeren rubutu a ƙasan dutsen, wanda bai wuce haruffa 66 ba, kuma wanda ya karanta waɗannan layuka zai ji muryar uwa ko matar da ba ta taɓa samun ikon zuwa kabarin ba. Wajibi ne in ƙara da cewa wannan daidaito bai game kowa ba, domin a 2021 hukumar da kanta ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, har ministan tsaron Birtaniya ya nemi afuwa a majalisa. Kyan fararen duwatsun shi ne ma ya ƙara fito da munin wannan rashin adalci.

Yanzu sai in zo ga inda maganar take da nauyi, domin ba zan ɓoye ba, matasan nan ba furanni suka je watsawa ba. Bama-baman da suka jefa a Hambug a watan Yuli na 1943 sun tayar da guguwar wuta da ta kashe mutum kusan 40,000, yawancinsu farar hula, mata da yara da tsofaffi. A Diresdin, cikin Fabrairun 1945, an rasa har kusan 25,000. Ni dai ban yarda akwai hujjar da za ta wanke ƙona unguwannin talakawa da gangan ba, ko da kuwa abokin gaba shi ya fara, kuma ko da mulkin Hitila ya kai maƙura wajen zalunci, kamar yadda ya kai. Birtaniya kanta ta ji nauyin abin, shi ya sa ta yi shekara 67 kafin ta gina wa rundunar wurin tunawa a Landan a 2012, kuma a jikinsa aka rubuta tunawa da mutanen kowace ƙasa da ruwan bama-bamai ya kashe. Sai dai waɗanda suka zaɓi biranen da za a ƙona suna zaune a ofis, sun tsufa sun mutu a gadajensu, aka bar yaran da aka tura da zargi, su da iyayensu. Ina ganin mutum zai iya ƙin dabarar yaƙin da zuciya ɗaya, ya kuma tsaya a gaban kabarin ɗan shekara goma sha tara ya ji tausayinsa, ba tare da ɗayan ya soke ɗayan ba.

Mutanen Holan sun riga ni fahimtar haka, kuma su ne suka fi cancantar yin hukunci, tunda sun ɗanɗani zuma da maɗacin jiragen nan duka biyu. A ranar 3 ga Maris na 1945 jiragen Birtaniya sun yi kuskure suka jefa bama-bamai a wata unguwa ta birnin Heg, suka kashe fiye da mutum 500. Ƙasa da wata biyu bayan haka, daga 29 ga Afrilu, jiragen Lancaster suka riƙa saukowa ƙasa-ƙasa suna jefo dubban tan na abinci ga jama'ar da yunwar hunturu ta riga ta kashe wa kusan mutum 20,000. Jikokin waɗannan mutane su ne suke taruwa a ranar 4 ga Mayu ta kowace shekara, da ƙarfe takwas na yamma, su yi shiru na minti biyu, yaran makaranta su ajiye furanni, a jajiberin Kirsimeti kuma su kunna kyandir a kan kaburburan yaƙi. Shekara tamanin ke nan suna riƙe da amanar 'ya'yan wasu, ba dangin iya ba na baba.

Kuma aikin bai ƙare ba. A 2020 an tono tarkacen wani jirgin Stirling mai lamba BK716 daga ƙarƙashin tafkin Markermeer da ke Holan, jirgin da ya ɓace tun ƙarshen Maris na 1943 a hanyarsa ta dawowa daga Balin. Daga cikin abubuwan da suka taimaka aka gane shi akwai ɗan gwangwanin taba mai ɗauke da haruffan farko na sunan ɗaya daga cikin bakwai ɗin. A 2022 aka binne su a maƙabartar Jonkerbos da ke Nijmegen, a gaban danginsu, waɗanda yawancinsu ba a haife su ba lokacin da jirgin ya faɗi.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne idan lokacin tunawa da yaƙin ya sake zagayowa, ka keɓe shafi ɗaya ga ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan maƙabartu. A buga hoton duwatsun, a rubuta shekarun waɗanda suke ƙarƙashinsu da ƙasashen da suka fito, a faɗi birnin da aka tura su da abin da ya sami mutanensa a daren, sannan a ji ta bakin ƙauyawan da suke share kaburburan.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum